Maganin Damuwa

"Ina ƙwayoyina? Wallahi a saman firij na ajiye su!"

Nafeesa ce ke birkice falonsu na unguwar Durumi. Ciwon barci gare ta, mai mugun hali: da ta yi dariya sai jikinta ya saki ta zube, alhali tana jin komai. Ƙwayar nan ce kaɗai ke riƙe ta.

Hajjo, mahaifiyar mijinta Zaid, ta taɓe baki. "Ni na zubar. Mai kemis ya ce maganin ciwon damuwa ne. Me ɗana ya rage ki da shi, da za ki nuna wa duniya yana ƙunsa miki baƙin ciki?"

"Hajiya, ba don damuwa likita ya ba ta ba," in ji Zaid. "Maganin yana hana faɗuwar ne..."

"Rufe min baki! Ko ta daina sha, ko ta koma gidansu!"

Zaid ya sunkuyar da kai. Nafeesa ta haɗiye kukanta ta daina shan maganin, don tana son mijinta. Amma tsoro ya hana ta sakat. Ko 'yarta Najwa ta daina yi wa wasa, kar dariya ta kama ta da yarinya a hannu.

Wata safiya ta ɗauko Najwa za ta yi mata wanka, Hajjo na sirka ruwan zafi a baho. Caraf yarinyar ta fizge ɗankwalin kakarta ta yafa a kai, tana washe haƙora biyu.

Dariya ta ƙwace wa Nafeesa, nan take hannuwanta suka saki.

"Innalillahi!" Hajjo ta cafke jikarta, saura ƙiris yarinyar ta faɗa tukunyar tafasasshen ruwa. Nafeesa na yashe a ƙasa, tana jin ihun 'yarta, ko yatsa ta kasa ɗagawa.

Da ta iya motsi, sai ta ga Hajjo durƙushe a kanta tana hawaye.

"'Yar nan, ashe farin ciki ne ke kayar da ke? Ki yafe min. Zaid! Ɗauko mota, asibiti!"

Haƙuri ya yi rana. Jama'a, kar mu yanke wa mutum hukunci da sunan maganinsa, mu tambaya tukuna. Yanzu kullum safiya Hajjo ce ke miƙo ƙwayar da kofin ruwa.

"Shanye maza, ina da labarin ban dariya."