Jet Mai Sabon Fenti

Auta na jera kofuna a falo Baba ya shigo da Kawu, ƙanen Umma, suna ta dariya. Kawu dillali ne, shi ya samo wa Baba wani ƙaramin jirgin sama, jet na hannu, mai kujera biyar, don zagayen rumbunansa na garuruwan kusa.

"Auta, kira mini yaron nan naki," in ji Baba. "Tunda gyaran jirgi ne sana'arsa, ya duba ya sa mana hannu a takardar lafiyar jirgin."

Lokacin saura wata ɗaya aurenta da yaron, wanda ake kira Injiniya.

Kwana biyu Injiniya ya yi a rumfar jirage. Ya zura siririyar kyamara cikin injin, ya bi littafin gyara shafi-shafi. Rana ta uku ya zo ya durƙusa a falo.

"Baba, a gafarce ni, ba zan iya sa hannu ba. Shekara biyu cur babu rubutu a littafin gyara. Kuma akwai tsaga a fankar injin hagu."

Kawu ya miƙe zumbur. "Iye! Jirgi da sabon fenti, kujeru na fata, ni za ka mayar maƙaryaci? Yaya, kin ji ko? Tun bai shigo gida ba ke nan!"

Umma ta fashe da kuka. "Ƙanena ne fa, ciki ɗaya!"

Baba ya haɗe rai. "Ko ka sa hannu, ko ka manta hanyar gidan nan."

"Baba, ku za ku hau shi," in ji Injiniya a hankali. "Gara ku kore ni kuna raye."

Da yamma Auta ta kira Injiniya a waya. "Don Allah mana, sa hannu ne kawai fa!"

"In ya faɗo da Baba, da wane ido zan kalle ki?"

Hawaye suka zubo mata. Daga ranar ba ta sake roƙonsa ba, ba ta kuma ɗaga wa iyayenta murya ba. Mako uku tana ramewa, tana kai kukanta wurin Allah.

Baba ya ce ko babu sa hannun sai an tashi. Ranar gwajin tashi, gida duka aka fita filin jirgi, har da babban ɗan Kawu. Jet na ta sheƙi a rana. Baba ya ɗora ƙafa a matakala, Kawu kuwa ya ja baya yana ɗaga hannu.

Auta ta matso. "Baba, Kawu ya zauna kusa da kai mana, tunda shi ya san jirgin."

"Af, ni... hawan jini," in ji Kawu. "Likita ya hana ni."

"To ɗanka ya raka ni," in ji Baba.

Saurayin ya taho da murna. Kawu ya cafke rigarsa.

"Kai! Kada ka kuskura ka shiga!"

Umma ta dafe ƙirji tana salati. Baba ya daɗe yana kallon Kawu, sannan ya sauke ƙafarsa daga matakala.

"Auta, ba ni wayarki." Ya kira Injiniya. "Ɗana, kana ina? Ka yafe mini, ka zo gida."

Ba a ƙara ko kwana ɗaya a kan ranar auren ba. 'Ya'yana, mai faɗa muku gaskiya alhali ya san zai rasa abin da ya fi so, ku riƙe shi da kyau. Haƙurin Auta kuwa, kun ga inda ya kai ta.