Ƙafar Khuzaima

"Gobe da sassafe Maikuɗi mai ɗori zai zo ya miƙe ƙafar nan, na gama magana!"

Inna ce, surukata, tsaye a ƙofar ɗakina. Na ƙara ƙanƙame Khuzaima. Kwananta goma sha biyu a duniya, da ƙafarta ta dama a lanƙwashe ciki na haife ta.

"Inna, don Allah... ƙashinta bai yi ƙwari ba..."

"Ke za ki koya mini? Mu nan Farin Dutse ba mu gaji gurgu ba. Daga garinku Kangire kika kwaso mana!"

Na kalli mijina, Yaya Musbahu. Kansa a sunkuye, yana juya makullin motar hayar da yake ja zuwa Kano.

Suna fita na jawo wayata. Tun ranar suna na saka hoton ƙafar a wani zauren iyaye mata na intanet. An yi ta ba ni amsa, amma duk da Turanci mai nauyi, ni kuwa a aji uku na sakandare na tsaya. Sai na tuna da manhajar AI da ƙanwata A'i ta sa mini. Na kwafo amsar wata mata, na rubuta: "Don girman Allah fassara mini, kuma mece ce kalmar nan da suke ta maimaitawa?"

Kafin in share hawaye amsa ta fito. Kalmar, in ji ta, sunan irin wannan lanƙwasar ce, kuma ba laifin uwa ba ne. Matar kuma cewa take ɗanta ma haka ya zo. Likitoci suka riƙa miƙar da ƙafar a hankali, suna ɗaure ta da siminti irin na karaya, ana canzawa duk mako. "Kada ki bari a murɗe da ƙarfi!" in ji matar. Manhajar ta ƙara da cewa in kai ta likita ya gani da idonsa.

Bayan la'asar Yaya Musbahu ya shigo. Na zube a gabansa na riƙe ƙafarsa.

"Tashi, Mansura..."

"Ba zan tashi ba! Masoyina, in aka karya ta fa?"

"Uwata ce... in na saɓa mata, ina zan sa kaina?"

"Ita wannan wa take da shi in ba kai ba?"

Na miƙa masa wayar. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya daɗe yana kallon hoton da matar ta saka na ɗanta, yana gudu da ƙwallo. Sai na ga hawaye na bin gemunsa.

"Ki yafe mini, rabin raina."

Ya fita da wayar. Ta labule na hango shi durƙushe gaban Inna yana karanta mata.

"Yanzu waya ce ta zama likita?"

"A'a, Inna. Shi ya sa nake roƙon mu je asibitin Birnin Kudu. Ki zo ki ji da kunnenki."

Ta ƙura wa hoton ido.

"Tsoro nake ji, Musbahu. Mace ce... kada ta girma yara na nuna ta."

Washegari kafin in gama goya Khuzaima, Inna ta riga ni shiga mota da mayafinta.

Likita ya lallatsa ƙafar, ya ɗago. "Kun zo a kan lokaci. Da yardar Allah za ta taka."

Na fashe da kuka. Hannun da ya dafa kafaɗata ba na mijina ba ne, na Inna ne.

A hanyar komawa Farin Dutse ita ta karɓi Khuzaima, ta tallafe ƙafar da aka ɗaure da farin siminti a cinyarta. Yaya Musbahu ya kalle ni ta madubi yana murmushi, bai lura da rami ba.

"Kai, rage gudu!" Inna ta daka masa tsawa. "Ba buhun gero ka ɗauko ba, jikata ce!"