Ɗakin Mai Gyaran Agogo

Umma na tsaka da ninke wanki a falo sai ta tsaya cak, zani a hannunta. Ta ja numfashi, ta sake ja. Wari ne da ta sani kamar yunwar cikinta, warin da ta zaci ya bar gidan tun ranar da aka fita da gawar mijinta.

"Auta! Ke Auta! Wa ya shigo gidan nan?"

'Yarta ta leƙo daga kicin, hannu duk kumfa. "Ba kowa, Umma. Lafiya?"

"Ba ki ji ba? Warin babanku..."

Muryarta ta karye. Ta dinga bin ɗaki-ɗaki tana shinshina kamar wadda ta zautu, har ta kai bayan ƙofa. Wata baƙar jaket ce rataye a ƙusar da marigayin ke rataye rigarsa.

"Ta waye wannan?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ta Farfesa ce. Ruwa ya tare mu a makaranta, shi ne ya ara min."

Farfesa ba wani farfesa ba ne. Ɗan ajin su Auta ne a kwalejin koyon aikin jinya, 'yan aji suka laƙaba masa sunan don bai taɓa sauka daga na ɗaya ba. Shi ne kuma ya nemi izinin turo manyansa da zarar an gama jarrabawar ƙarshe, Umma ta riga ta amsa masa.

"Sigari yake sha," in ji Umma.

"Kaɗan ne fa, Umma, sai in yana karatu..."

"Au, kin sani! Kin sani kika rufe ni! Ke da kika riƙe wa ubanki kwano yana tofar da jini? To na janye. Ban binne miji ba don in zuba ido 'yata ta binne nata!"

Auta ta zube a ƙasa tana kuka. Ba ta mayar da magana ba, don ba haka aka rene ta ba.

Washegari Farfesa ya zo, ya ɗauko Kawu, ƙanin Umma, ya taya shi roƙo.

"Haba Yaya," in ji Kawu, "yaro na ɗaya a aji! Ni da nake riƙe wa aji wutsiya ai an ba ni mata."

"Kai ka yi min shiru. Wadda aka ba ka har yau ba ta gama da-na-sani ba."

Farfesa ya gyara durƙuso. "Umma, wallahi ni ba ɗan shaye-shaye ba ne. Tsari ne kawai. In na gama babi ɗaya sai in kunna kara ɗaya, kaina ya buɗe. In babu ita ko layi ba ya shiga."

Umma ta miƙe. Ta kwance makulli daga bakin zaninta, ta buɗe ɗakin da ba a buɗewa, ta ce ya shiga.

Ɗakin aikin marigayin ne, mai gyaran agogo. Agoguna sun cika bango, duk sun mutu, kowanne ya tsaya a lokacinsa daban. Silin ya yi rawaya kamar haƙorin tsoho. Bakin teburin aikin kuwa tabon ƙuna ne a jere, baƙi ƙirin, daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Aikinsa hannu biyu yake so, sai ya ajiye sigarin a nan tana ci," in ji Umma. "Shi ma tsari ne. Agogo ɗaya, kara ɗaya."

Farfesa ya matsa kusa. Ya kasa ɗauke ido daga teburin.

Auta ce ta yi magana daga bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. "Umma, ki bar shi ya gwada irin karatuna."

Tun tana ƙarama Auta ba ta doguwar hira. Ta kwanta da wuri, ta tashi da asuba, ta karanta kaɗan, ta rufe littafi, sannan ta zo gefen teburin nan ta faɗa wa babanta abin da ta gane yana aiki. Abin da ta kasa faɗa, ta san bai shiga ba, sai ta koma.

Umma ta dubi Auta. "To. Daga gobe a nan zai yi karatu, daga safe zuwa azahar, ni ina bakin ƙofa. In ya gama babi, maimakon ashana, ni zai juyo ya yi wa bayani har sai na gane. Ban yi boko ba, kaina kuma dutse ne. Alkawari kam ban yi ba."

Aka fara. Gumi ya riƙa karyo wa Farfesa, ya tauna cingam har muƙamuƙinsa ya yi tsami. In ya ɗaga kai, agogunan nan na kallonsa shiru. In ya yi bayani, Umma ta ce, "Ban gane ba. Sake. Ka daina ɓuya a bayan Turanci." Da aka yi tes, sai ga Farfesa a tsakiyar aji.

Ya tare Auta a ƙofar laburare, ido ja. "Kin gani ko? Tsohuwarki za ta kashe min rikod!"

"Tsohuwata? Uwata ce. Ka ce sori, ko ka je ka kwashe littattafanka."

Bai ce ba. Ya juya ya tafi, kwana da kwanaki babu shi babu labarinsa. Auta ta rame, tana karatu hawaye na ɗiga a kan takarda, amma ba ta kira shi ba, ba ta kuma fasa tashin asuba ba. Umma ta ci gaba da buɗe ɗakin kowace safiya, ta zauna a bakin ƙofa ita kaɗai.

Wata safiya aka yi sallama. Farfesa ne, ya rame, wuyansa ya yi tsawo.

"Umma, ki yafe min maganar da na faɗa a bayanki. Kuma na sha. Jiya na sha, shekaranjiya na sha. Ban zo in ɓoye ba."

Ta ƙare masa kallo. "Shiga ka zauna. Wane babi ne yau?"

"Huhu."

Ya buɗe littafi ke nan tari ya sarƙe shi, busasshe, mai fito a ƙarshe. Carbin da ke hannun Umma ya suɓuce. Tarin marigayin ne, sak, a ɗakin, a kan kujerar. Auta ta fito da gudu ta riƙe ta.

Da Umma ta dawo hayyacinta ta ce, "Rufe littafin. Yau ni zan yi tambaya. Likitoci sun yi ta faɗar sunan ciwon baban Auta, ban taɓa ganewa ba. Me ya sa ya daina kwanciya, sai dai ya kwana a zaune ya dafa gwiwa?"

Farfesa ya rufe littafin. "A cikin huhu akwai 'yan jakunkuna ƙanana, Umma, kamar balan-balan. Hayaƙi ne ke cinye bangonsu har su fashe. Iska ta shiga ta kasa fita. In ya kwanta sai ya ji kamar ana danna shi cikin ruwa."

"Yana jin zafi?"

"Tsoro ya fi yawa."

"Ni kuwa ina yi masa faɗa wai ya ƙi kwanciya..." Ta share ido da gefen mayafi. "Abin da ya fashe yana ɗinkuwa?"

"A'a. Amma in an daina da wuri, sauran yana tsira."

"Yau na gane. To kai, ɗana, nawa ya rage maka?"

Na ɗaya a aji ya ture littafin gefe. Ya kifa kai a kan tabon ƙunar nan ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ranar nan da rana tsaka Kawu ya raka shi asibiti, ya faɗa wa likita gaskiya, aka ɗora shi a kan magani da shawara. Bai sake fashin zuwa ba. Ya koyi barci da wuri, ya koyi karatu kaɗan-kaɗan, ya koyi cewa "ban sani ba" ba tare da jin kunya ba.

Da sakamako ya fito, Auta ce ta ɗaya, shi na uku.

"Farfesa ya sauka, Farfesiya ta hau!" in ji Kawu. "Yaya, yanzu fa?"

"Yanzu a jira."

Suka jira. Damina ta wuce, sanyi ya shigo ya fita, kowannensu ya kama aiki a asibiti. Ba wanda ya yi ƙorafi. Likita ya tabbatar ƙirjin ya washe, abokan aikinsa suka shaida ko ashana ba ya riƙewa. Sai wata ranar hutu Umma ta aika aka kira shi, ta sa shi a gaba tare da Kawu.

"Ba don ka zo na uku na ba ka ita ba, ko na ɗaya ka yi da bai dame ni ba. Ranar da ka zo ka ce ka sha, ba wanda ya tambaye ka, ranar na fara yarda da kai. Je ka ce wa manyanka su zo."

Auta na bayan labule, ta durƙushe tana kuka tana dariya.

To, 'ya'yana, ku ji da kyau. Ba hayaƙi ke buɗe kai ba. Barci kan lokaci ne, da naci, da maimaita abin da ka koya har wanda bai sani ba ya gane. Sigari ba ta taɓa ba kowa ilimi ba, numfashi take karɓa, kuma ba mai shanta kaɗai take ci ba, har da waɗanda zai bari a gida suna jin tarinsa bayan ya tafi. Yarinyar da ta yi haƙuri da faɗan uwarta kuwa, ga shi ta sami miji, kuma ta same shi da ransa.