Gobarar Cikin Kwamfuta

Ranar da Shamsuddeen ya fara ganin Ruka, doyarta ya fara kallo kafin ita. Tana gashi a bakin ƙofar kwalejinsu a Kontagora, sai ga saurayi ya durƙusa gaban wutarta, ya kafa wa wani ƙonannen ɓawo waya yana ta ɗaukar hoto.

"Malam, ci ake yi," in ji ta.

Ya ɗago zai ba da haƙuri, sai ya tsaya yana kallonta. Da ƙyar ya yi bayani. Shi ɗalibin zane ne, aikinsa na kammala karatu shi ne ya ƙera dodo a kwamfuta, ya saka shi cikin bidiyon gaske yadda mai kallo zai rantse da idonsa ya gani. Fatar dodon yake nema, kuma bai ga abin da ya kai ɓawon doyarta ba. Ruka ta yi dariya har da riƙe ciki, ta raɗa masa Mai Dodo, sunan kuwa ya bi shi.

Daga nan kullum yana wurin, wai nuna mata aiki yake zuwa yi. Ƙahon rago ya ara, da idon akuya, da bayan doya. Ita ce ta gaya masa dodon nasa tafiyar kaza yake yi, ba zai tsorata ko ɗan yaye ba. Ta san tsoro, ba a labari ba. 'Yan bindiga ne suka taso su daga ƙauyensu da ke gaba da Kasuwan Garba. Iyayenta kan saci jiki su koma noma, yayanta Auwal kuma yana achaba a gari.

Ya rubuta mata: "Rukata, yau dodo ya ƙifta ido karon farko, ke na fara tunawa."

Ta amsa: "Wato ni ce dodon? Allah ya shirye ka, Mai Dodo. Ka dai ci abinci."

Da ya buƙaci ƙauyen da dodon zai shiga, ita ta ba shi wani tsohon bidiyon gidansu, da rumbunansa da bishiyar mangwaro. Kwamfutarsa tsohuwa ce, ba ta ɗaukar aiki gaba ɗaya, don haka bi da bi yake yi: wuta da fari, sai hayaƙi, dodo a ƙarshe. Da ya gama wutar ya tura mata.

"Duba min, ta yi kama da ta gaske? Dodo yana tafe."

Ta yi kama, abin takaicin ke nan. Auwal ya daɗe yana yi mata tsiya wai saurayinta wasan yara yake yi, sai ɗoki ya ɗebe ta ta tura masa, ta rubuta a ƙasa cewa aikin Mai Dodo ne, ba gaske ba. Ta manta Auwal ba ya karanta boko. Kowa a gidan saƙon murya yake aika masa.

Makon nan iyayensu suna ƙauye suna yankan dawa, can kuma babu sabis. Auwal ya ga gidansu yana ci da wuta, ya sauke fasinja a tsakiyar hanya ya nufi daji. Bai kai ba. Waɗanda yake tsoro ya tarar a hanya, suka karɓe mashin, suka harbe shi a ƙafa. Kafin a kawo shi asibiti ƙafar ta lalace, aka yanke ta daga gwiwa. Ƙauyen kuwa ko kara bai ƙone ba.

Mahaifin Ruka ya sa aka kira Shamsuddeen. Bai ɗaga murya ba, ya dai tambayi wa ya kunna wutar, kuma yaya aka yi ta kai hannun ɗansa.

"Ni ne, Baba. Daga wurina ta fito."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Tsohon ya ce kada ya ƙara taka ƙofar gidan.

Ruka ta rubuto: "Zan gaya wa Baba ni na tura. Ba na iya haɗa ido da Yaya."

"In kin faɗa, ya rasa ƙafar ɗa, ya rasa jin daɗin kallon 'ya. Gara ni ya tsana. Ki yi shiru don Allah, Rukata."

Ta yi shiru, amma shirun ya ci ta, ta rame kamar mai jinya. Wani mai shagon kayan babur, Abdulwasiu, ya aiko da maganar aure, ta ce ba ta so, ba a matsa mata ba. Shamsuddeen ya yi ta aika manya neman aurenta ana dawo da su. Kwamfutar ma ya daina buɗewa, don ji yake kamar hannunsa ne ya riƙe bindigar.

Da damina ta kawo kai, tsohon ya aiko masa da amsa, kuma kowa ya san kora ce. Ya ce a zamanin ubansa da noma ake neman mace, saurayi ya yi wa surukinsa aikin gona kafin a ba shi. Ƙafar da za ta taya shi noma an cire. In yaro yana son 'yarsa, ga gona can.

Mahaifiyar Shamsuddeen ta yi kuka ta ce ajali ake aika shi nema. Ya tafi.

Hannun da ya saba da kwamfuta ya yi kanta ya fashe, ya sake fashewa. Ya koyi kwanciya tsakanin kunyoyin gona in an ji ƙarar baburan 'yan bindiga. Wata rana da hantsi ya ga an ƙone ƙauyen maƙwabta, wutar gaske, mai wari da kukan awaki. Ya tsaya yana jin kunyar ranar da ya yi murna wai tasa ta yi kyau. Da ya dawo gari miƙa aikinsa, sai ya sake buɗe kwamfutar ya tsayar da dodon shi kaɗai a fili, babu wuta babu gida. Malamansa suka ce aikin ya yi sanyi, bai yi musu ba.

Aka yi girbi, dawa ta zo gida, amma tsohon bai aiko da maganar auren ba. Auwal ne ya aika a kira Shamsuddeen, karon farko tun asibiti. Ya same shi zaune, sandunansa jingine da bango.

"Na san wanda ya turo min," in ji Auwal. "Hoton Ruka na gani a saman saƙon. Na jira in ga ko wuya za ta sa ka faɗa. Ba ka faɗa ba."

Ranar Auwal ya shiga wurin mahaifinsu ya ce ƙafarsa ce aka yanke, kuma shi ya yafe. Tsohon ya ce to shi ya ba Shamsuddeen Ruka.

Aka ɗaura aure bayan Juma'a, ba kiɗa ba taro mai yawa. Tsohon ya dafa kan Shamsuddeen ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya raba su da ganin abin da ya gani. Jama'a suka amsa da amin.

Da za a tafi da amarya, Ruka ta zube gaban yayanta, ta riƙe ƙafarsa ɗaya tana kuka, ta buɗe baki za ta faɗa. Shamsuddeen yana bakin ƙofa yana kallonsu.

Auwal ya sunkuya ya rufe mata baki da tafin hannu.

"Na sani tuntuni, ƙanwata. Tashi ki tafi gidanki, Allah ya yi miki albarka. In kin isa ki kira ni, muryarki nake so in ji."