Farcen da Aka Liƙa da Gam

Ranar Litinin da hantsi, saurayin da ke aiki a kemis ɗin bakin titi, wanda bai daɗe da karɓar diflomarsa ta haɗa magunguna ba, ya shigo da kwali a hannu, ya tura ƙofar gilashi da ƙafa ba tare da ya waiga ba. Sai ya ji ƙara a bayansa.

Wata budurwa ce tsaye riƙe da hannunta na dama. Ƙofar ta datse mata manuniya. Dogon farcen roba da ke liƙe a kai ya tsage, ya ɗaga rabin farcenta na ainihi, jini na ɗiga a ƙasa.

"Don Allah ki yi haƙuri, ban gan ki ba!"

"Ai na lura," in ji ta, idonta cike da hawaye.

Ya zaunar da ita, ya wanke yatsan da ruwan gishiri, ya danne da auduga har jinin ya tsaya, yana ta maimaita "a hankali, a hankali."

"Malam A-Hankali," ta ce, "ni ce mai ciwon, kai ne mai rawar jiki."

Ya yi mata bayani cewa sai an datse ɓangaren da ya ɗaga, a rufe da bandeji, sannan ta ga likita. Ta girgiza kai. Ranar Alhamis take da jarrabawar buga rubutu a kwamfuta, ta neman aikin sakatariya da ta shekara tana jira.

"Da bandeji ba zan iya ba. Ka liƙa mini da gam zuwa Alhamis, na roƙe ka."

Ya san amsar sarai, domin an koya musu cewa gam a kan buɗaɗɗen ciwo yana kulle datti ne a ciki. Amma shi ya ji mata ciwon, ga shi kuma ta zuba masa ido. Ya ɗauko gam ya liƙa, ya ba ta lambarsa.

Ranar Laraba saƙonta ya shigo: "Malam A-Hankali, yatsan ya kumbura, yana bugawa kamar zuciya. Haka ake yi?"

Nan take ya rubuta: "A'a. Ki tafi asibiti yanzu, kada ki jira gobe. Laifina ne."

Likita ya cire farcen gaba ɗaya, ya matse mugunya. Alhamis ta wuce tana kwance, aikin kuma wata ta samu.

Ya fara zuwa gidansu bayan ya tashi daga aiki, ɗauke da bandeji da man shafawa. Yana wanke ciwon, tana tsokanarsa, har ya soma kiranta Gimbiyata, ita kuma ta daina ɓoye murmushi. Abu ɗaya ne ya hana shi sukuni: ta gaya wa mahaifinta, wani tsohon malamin makaranta, cewa ita ta liƙa farcen da kanta. Duk ranar da dattijon ya ce masa "yaron kirki," sai ya sunkuyar da kai don kunya.

Bayan wata biyu, da maganar turo magabata ta taso, ya ce mata sai ya faɗi gaskiya.

"Ka bar shi, ai ya wuce."

"Ba zan nemi aurenki a kan yabon da ban cancanta ba."

Ya durƙusa gaban mahaifinta a falo ya kwashe komai ya faɗa. Dattijon ya cire tabarau, ya dube shi.

"Ƙofa kuskure ce, samari. Gam ɗin fa? Ka san illarsa?"

"Na sani, Baba."

"To, mutumin da ba zai iya ce wa 'yata a'a ba a lokacin da a'a ce za ta cece ta, ban ga yadda zan damƙa masa ita ba. Tashi ka je."

Mako uku bai taka layin ba. Yana tsaye bayan kanta, sai abokin ciniki ya maimaita sunan magani sau biyu kafin ya ji. Rannan saƙonta ya zo: "Masoyi, an kira ni wata ganawar aiki. Sabon farcen rabi ne, ga muni. Zan sa na roba in rufe shi, na yini ɗaya kacal. Ka ce mini to, ka faranta mini ko sau ɗaya."

Ya karanta sau huɗu. Ita kaɗai ta rage a ɓangarensa a gidan, ya kuma san za ta iya yin fushi. Duk da haka ya rubuta: "A'a, Gimbiyata. Farcen bai yi ƙwari ba, roba za ta sake ɗaga shi. Ki datse gefen, ki tsaftace, ki je da shi yadda yake. Ko za ki daina kula ni, amsar ita ce a'a."

Ta yi fushin kuwa. Ta kai wa mahaifinta wayar tana mita: "Abba, dubi taurin kan mutumin da ka kora."

Dattijon ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya miƙa mata wayar.

"Ki bi maganarsa. Ki kuma gaya masa kawunnansa su zo ranar Asabar."

Ta je ganawar da rabin farcenta, aka ɗauke ta aiki. Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Da jama'a suka watse, ango ya durƙusa gaban surukinsa zai sake neman gafara, dattijon ya dafa kafaɗarsa ya tashe shi.

"Ya isa haka, ɗana. Na yafe, ita ma ta yafe, saura kai. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Ango ya buɗe baki zai amsa, murya ta ƙi fita. Amarya ce daga bayan labule ta ce masa, "Ka ce amin mana, ko shi ma sai na roƙe ka?"