Warin Fumfuna a Ɗakin Yaya

Gab da magariba Auta ta biya gidan yayarta da na'urar aiki a jaka. Sana'arta ke nan, auna warin da fumfuna ke fitarwa daga katako da bulo tun ido bai gan ta ba. Jaririn yayar ke ta tari tun da suka tare a gidan, magani ya ƙi ci.

Mijin yayar ya ce aljanu ne. Auta ba ta yarda da shi ba ko kaɗan. Mutumin da ya yi ta lafta wa ɗaki ɗaya fenti, ai da abin da yake ɓoyewa.

"Ruɓaɓɓen katako ka sa a silin, ko?" ta tambaye shi.

"Ki auna ki fito," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kar dai ki rufe ƙofa."

Nan ta ƙara zarginsa, don awo ba ya yiwuwa sai ɗaki na rufe. Ta shiga ɗakin, ta ja taga, ta turo ƙofa, ta toshe ƙasanta da tsumma.

Wari ya taso ta ƙarƙashin na fentin, irin na jiƙaƙƙen buhu. Lambar na'ura ta hau. Auta ta yi murmushi, yau ta kama shi.

Sai lambar ta sauka. Ta sake hawa.

Fumfuna ba ta haka. Warinta taruwa yake yi, ba ya komawa.

Ta riƙe numfashinta. Lambar ta ci gaba da hawa da sauka a hankali, kamar ƙirjin mai barci.

Ta dafa bango. Da ɗumi. Ya kumbura a tafinta, ya lotsa.

Daga cikinsa aka yi tari. Tarin jaririn sak.

"Kin toshe min numfashi," aka raɗa mata a kunne.

Ta ja ƙofa, ƙofar ta cije. Ta fizgi tsumman har farcenta ya karye, ta faɗo waje da rarrafe.

A ranar ta kwashe yayar da jaririn zuwa gidanta, gida busasshe da ita da kanta ta auna. Tari ya tsaya cak, yayar sai godiya take.

Auta kaɗai ke cikin tsoro. Ta kai na'urar bakin yaron yana barci, lambar ta hau. Ba ta gaya wa kowa ba.

Kullum da safe takan goge baƙin ɗigo-ɗigon da ke fitowa a bango kusa da shimfiɗarsa, kafin uwarsa ta tashi.