Laimar da Sakinatu Ta Mayar

Ranar da Batul ta fara shiga shagon Nafi'u a Ƙofar Jatau cikin Zariya, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Ta ja kujera ta zauna, ta ce, "Nan ne ake yankar tikitin jirgi?"

"Nan ne, Hajiya. Umara za a je?"

"Zanzibar."

Nafi'u ya ɗago daga kan kwamfuta. Tun da ya buɗe shagon, daga masu Umara sai masu zuwa Masar neman magani, ba wanda ya taɓa tambayarsa tsibiri.

"Ke da wa za ku?"

"Ni da fushina."

Ya so ya yi dariya, sai ya ga idanunta sun yi ja, kuma babu alamar wasa a fuskarta. Ya haɗiye dariyar. A nan dai zuciyarsa ta tafi, don shi bai taɓa ganin wadda fushi ya yi wa kyau haka ba.

Duk unguwar su Batul, Kusfa, an san labarin. Shi kaɗai ne bai sani ba, don ɗan wani ƙauye ne a bayan dutsen Kufena, ya shigo birni da safe a kan babur, ya koma da yamma.

Wani Kabir ne, ɗan babban gida kuma ma'aikacin gwamnati, ya nemi Batul har aka kawo lefe aka sa rana. Ita ta kawo shawarar su yi 'yan kwanaki a tsibirin bayan biki, don ko teku ba ta taɓa gani ba. Ta yi watanni tana bincike a waya: otel ɗin da za su sauka, inda ake hawa kwalekwale, gonakin kanumfari. Duk abin da ta gano kuma sai ta nuna wa aminiyarta Sakinatu.

Kwatsam Kabir ya fasa, ya koma wajen Sakinatu. Gwaggonninsa suka zo karɓar lefe da rana tsaka. Mota ba ta shiga lungun su Batul, don haka a ka aka riƙa fito da akwatunan ɗaya bayan ɗaya, mata na leƙe ta kan katanga. Ba a jima ba Sakinatu ta fara baza wa ƙawaye cewa Zanzibar za su je bayan biki, otel ɗin ma wanda Batul ta zaɓa.

Ranar da ta ji haka, Batul ta tsaya a gaban kakarta Iya ta rantse da Allah sai ƙafarta ta riga tasu taka yashin tsibirin nan. Ni dai ban ga laifinta ba. An ɗauke mata miji, an ɗauke akwati, sannan a haɗa har da mafarkinta?

Nafi'u ya yi mata bayani a natse: fasfo, biza, da katin allurar shawara. Sannan ya ce, "Saura abu ɗaya. A gida za a bar ki ki tafi ba muharrami?"

Mahaifinta Malam Yahaya malami ne mai karantarwa a zaure, kuma ya riga ya yanke magana: ko Kaduna ba ta zuwa kwana ita kaɗai, balle tsallaken teku. Yayyenta maza kuwa dariya suka yi mata.

Ta dubi Nafi'u sama da ƙasa, kallon da bai gane ba a lokacin. Ta ce, "Ba ni lambarka."

Da farko maganar fasfo kawai ake yi. Daga baya saƙonni suka fara sauya launi.

"Matafiyata, an yi allurar? Ina fata ba ki harari mai allurar ba, ya tsorata ya soki kansa."

Ta mayar masa: "Malam Tikiti, an yi. Hannuna ya kumbura, kuma kai zan kama da laifi."

"Na amsa laifina. A yanke min hukuncin zuwa zance bayan la'asar."

Ya zo da rake da gyaɗa daga gonar mahaifinsa. Suka zauna a soro, ta riƙa nuna masa hotunan farin yashi da shuɗin ruwa. Shi kuwa ya ce iyakar ruwan da ya sani shi ne rafin bayan gidansu, kuma ko shi sai da rani yake yarda ya tsallaka. Batul ta yi dariya har da riƙe ciki. Iya ta jiyo daga tsakar gida ta yi hamdala, don rabon da ta ji wannan dariyar tun kafin a fita da akwatuna.

Da maganar aure ta taso, Malam Yahaya ya murtuke fuska.

"Ɗan wa ne a birnin nan? Na sa an bincika, an ce ubansa wani manomi ne, Bahago ake ce masa. Mu da aka san gidanmu da karatu tun kaka da kakanni?"

Iya tana tankaɗen gari, ko ɗagowa ba ta yi ba. "An ce yana da mugun hali?"

"A'a, Iya, an yabe shi."

"Ba ya salla?"

"Yana yi."

"To Yahaya, wanda ya sa aka fita da akwati a ka ta ƙofar gidanka ai ɗan birni ne, ka san ubansa ka san kakansa. Me saninsu ya tsinana maka?"

Da mako ya zagayo Malam ya aika a ce magabatan yaron su zo.

Nan fa Batul ta tashi haiƙan. Ta ji cewa bikin Kabir da Sakinatu bayan ƙaramar Salla ne, kuma da an gama za su tashi. Sai ta dage lallai nata a ɗaura kafin azumi. Lefe ma a bar shi, kayan ɗaki a kawo daga baya, ita dai a ɗaura su wuce filin jirgi. Nafi'u ya ɗauka tsabar so ne, yana ta washe baki a gari.

Sakinatu ce ta fasa masa ƙwan. Ta shigo shagon da katin gayyata a hannu, tana ƙamshin turare.

"Sannu, muharrami. Ga kati ka kai wa ƙawata."

"Me kika kira ni?"

"Au, ba ka sani ba? Ai rantsuwa ta yi sai ta riga mu zuwa tsibiri, Malam kuma ya ce sai da muharrami. Ta rasa mai raka ta, sai Allah ya jefo mata kai, ga ka da tikiti a hannu." Ta ajiye katin ta fice tana murmushi.

Da la'asar ya zo soro, ba rake ba gyaɗa.

"Batul, ranar da kika ce in ba ki lambata, me kika gani a jikina?"

Ba ta iya ƙarya ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mai raka ni na gani. Amma wannan ranar ce, Nafi'u, ba yau ba."

"To ki nuna min. A ɗage bikin zuwa damina, su je su dawo, sannan mu yi namu a tsanake."

"Su riga ni? Bayan abin da suka yi min? Ka ga yadda aka fita da kayan nan kuwa? Na rantse da Allah!"

"Ni ba zan zama sandar dukan wani ba. Ina son ki, wallahi ina son ki, amma ba zan kai ki bakin teku kina kallona kina tunanin Kabir ba." Ya miƙe ya ta da babur ɗinsa.

Ta shiga gida tana huci, ta ce ya daɗe bai tafi ba, mai yankar tikiti ai ba shi kaɗai ba ne a Zariya. Kwanaki suka wuce wayar ba ta yi ƙara ba. Ta buɗe hotunan tsibirin don ta huce, sai ta ga ruwa ne kawai da yashi, ba wanda za ta nuna wa ya ce shi dai a bar shi a tudu. Ta kifa wayar ta yi kukan da ko ranar akwatuna ba ta yi irinsa ba.

Iya ta zauna kusa da ita. "Waɗancan sun ƙwace miki ɗaya. Wannan kuma da hannunki za ki miƙa masu?"

"Iya, rantsuwar fa?"

"Ga ubanki can a zaure da littattafai har rufi. Je ki tambaye shi."

Malam Yahaya ya saurare ta har ta gama. Ya ce wanda ya yi rantsuwa, sannan ya ga abin da ya fi ta alheri, sai ya yi abin da ya fi alheri ya yi kaffara. Ta ciyar da miskinai goma, shi ke nan.

Washegari ta ɗora babbar tukunya da kanta. Shinkafa da miya da nama, tana juyawa tana ƙunƙuni, hayaƙi na shiga idonta. Ta zuba a kwanuka, ta bi gidajen gajiyayyun unguwa ta raba. Sannan ta ɗauki hoton tukunyar da ta koma wayam ta tura wa Nafi'u.

"Malam Tikiti, na karya rantsuwata, na yi kaffara. Su je su dawo. Kai nake so, ko rafin bayan gidanku za ka kai ni."

Amsa ta zo nan take: "Matafiyata, ina kan hanya. A rage min ƙanzo."

Aka ɗage biki zuwa tsakiyar damina. Amma kada ku ɗauka Batul ta zama waliyyiya.

A cikin binciken da ta yi tun farko akwai abin da ba ta taɓa nuna wa Sakinatu ba, don a lokacin bai shafi ranar tafiyarta ba. Watannin da Zariya ke ƙuna da zafin bazara, su ne watannin da ruwan sama ke sauka a tsibirin kamar da bakin ƙwarya. Su Kabir kuwa sun dubi samaniyar Zariya tas ba gajimare, sun ɗauka ko'ina a duniya haka take.

Ta gaya wa Nafi'u. Ya ce, "Haƙƙi ne ki sanar da su."

"Zan sanar da su," ta ce, tana wani ɗan murmushi da bai kwanta masa ba.

Ta shiga kasuwa ta zaɓi laima babba, ja wur, ta aika gidan su Sakinatu a matsayin gudummawar biki. Ta bi ta da saƙo:

"Sakinatu, Allah ya sanya alheri. Lokacin da za ku tafi damina ce a can, ruwa ake yi sosai. Ku ɗage tafiyar, ko ku tafi da wannan. Gaskiya na gaya miki."

Kowace kalma gaskiya ce. Sai dai wa zai yarda da gargaɗin wadda duk Kusfa ta san ta rantse sai ta riga su? Sakinatu ta karanta wa ƙawayenta saƙon suna shewa. Ta ce, "Damina ana wannan zafin? Baƙin ciki ne, so take mu ɗage ta riga mu." Kabir ma ya ce kada wanda ya sake kawo masa zancen. Ta sa aka mayar da laimar a buɗe da rana tsaka ta cikin lungun nan, don kowa ya gani.

Batul ta karɓa da hannu biyu, ta ce a gaida amarya. Ko ta san ba za a yarda da ita ba, wannan tsakaninta da Ubangijinta ne.

Suka tafi. Duk unguwa aka zuba ido ana jiran hotunan bakin teku a waya. Hoto ɗaya tak ya fito, na tagar otel, ruwa na gangarowa a jikin gilashi. Suka dawo da mura, lallen amarya bai ga rana ba, angon kuma ba ya son a ambaci sunan tsibirin a gabansa.

Labari ya iso kunnen Batul. Ta dai ci abinci ranar har da ƙari.

Da damina ta kankama, dangin Nafi'u suka kawo lefe. Mota ta tsaya a bakin titi, aka shigo da akwatunan a ka ta lungun da aka fita da na farko, matan ƙauye na rangaɗa guɗa, na birni na leƙe ta kan katanga. Aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Yahaya, shi da Malam Bahago suka riƙe hannun juna aka shafa fatiha.

Lokacin fita da amarya sai ga yayyafi. Iya ta ce, "Ku ɗauko jar laimar nan." A ƙarƙashinta Batul ta ratsa lungun, har ta gaban gidan su Sakinatu.

A mota Nafi'u ya raɗa mata, "Matafiyata, biza ta fito. An ce can yanzu rana ce tas. Kin dai yafe masu ko?"

"Na yafe, angona. Amma hoton farko da za mu ɗauka a bakin ruwa, ita zan fara tura wa."

Iya ta leƙo ta taga ta dafa kawunansu. "Allah ya yi maku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya kai ku ya dawo da ku lafiya. Ku taho min da kanumfari. Laimar kuma ku bar min ita a nan, ni zan kai wa Sakinatu abarta da kaina."